Mun Kai Baama Gida

Binga, 9 ga Agusta, 1992

Zuwa ga Yaya Miyanda,

Ina gaishe ki da kyau, ke da ɗiyarki Twaambo. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Bulawayo? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Tarin Baama ya ɗan lafa, amma lofen nan nata na duma ba ta ajiye shi ba. Da na ce kin ce ta daina, cewa ta yi ita ta haife ki, ba ke kika haife ta ba. Matata Choolwe tana gaishe ki, cikin ya fito sosai yanzu. Fari kuwa kin ji labari. Gero bai yi ko na iri ba, jar masarar agaji muke ci, tuwonta kamar an kwaɓa da ƙasa. Tafkin ya ja baya har sai mutum ya yi tafiya a kan busasshen taɓo kafin ya jiƙa ƙafa, itatuwan da ruwa ya haɗiye tun kafin a haife ni duk sun fito tsirara.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya na raka Kawu Siankope duba raga. Da hantsi muna tsakiyar ruwa sai na hango wasu baƙaƙen abubuwa a jere suna tafiya, kamar macizai sun ɗago kai. Na ce, “Kawu, dorina ce?” Ya ce, “Dorinar gidanku ce ke da wuya haka?” Giwaye ne, Yaya. Hanci kawai ake gani da ɗan doron kai. Wata tsohuwa mai yagaggen kunne a gaba, sauran a bayanta, har da ƙarami da yake ɗora hancinsa a bayan uwarsa ya huta. Giwa ta tsallake rafi ba labari ba ne, amma wurin nan ko mai kwalekwale sai ya shirya. Inda suka nufa kuma wani tsibiri ne da ya fito bana, babu ganye ko ɗaya a kansa. Kawu ya ce ya sha ganinsu, su je su wuni can, da yamma su dawo. Me giwa take nema a inda akuya ma ba za ta samu abin ci ba?

Ranar kyamarata tana gida. Har yanzu ina cizon yatsa. Na gaji da tsayar da mutane gaban farin zane ina cewa su ɗaga haɓa, yau hoton katin shaida, gobe na katin agaji. Wani ɗan jarida da ya zo daga Harare ganin fari ya ce in na samu hoton nan za su buga da sunana a ƙarƙashi. Don Allah ki saya mini fim mai kala ko biyu ne, ki ba direban motar Alhamis.

Ni ne ƙaninki,
Lweendo

*

Bulawayo, 20 ga Agusta, 1992

Ƙanena Lweendo,

Wasiƙarka ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai gajiya. Ɗakin yara ya cika har muna kwantar da biyu a gado ɗaya, yawancinsu ba wata cuta, yunwa ce. Ga maganin tari na Baama, cokali ɗaya safe da dare, ka tsaya a kanta har ta haɗiye don na san halinta. Ga kuma ƙwayoyin ƙarin jini na Choolwe, da sukari kaɗan.

Fim ɗin ma yana cikin kwalin. Sau biyu ina fitar da shi ina mayarwa. Na bar shi ne don na san in ban aiko ba za ka samo a wani wuri, kuma ka daina gaya mini abin da kake ciki.

Amma ka saurare ni. Daga bakin gaɓa za ka ɗauka. Ka hau tudu, ka hau itace, ka hau kan Kawu in ka ga dama, amma kada ka bi giwa cikin ruwa a wannan kwalekwalen da ya girme ka. Wannan watan iska ne. Kai kana ƙarami lokacin da ubanmu Taata ya ɓace a ruwa, abin da ka riƙe kawai shi ne mutane sun cika gida ana ba ka nama. Ni ce na zauna da Baama a bakin tafkin nan tana kallon ruwa, kwana da kwanaki, muna jiran ya dawo mana da Taata ko gawarsa ce. Bai dawo da shi ba. Taata kuwa ya fi ka iya ruwa, ya fi Kawu. Shi kifi ya je nema don mu ci. Kai me zan ce wa ɗan da ke cikin Choolwe, ubanka ya tafi neman sunansa a jarida?

Ban ce hoton banza ne ba. Na san kana da ido, hoton da ka yi wa Twaambo har yau baƙi suna tambayar wanda ya ɗauka. Sai dai giwar da ta bar daji ta shiga ruwa mai zurfi zuwa inda babu abinci ba lafiya take ba, ko yunwa ta juya mata kai. Irin wannan ba a matsa mata.

Ka rubuto ka ce ka ji.

Yayarka,
Miyanda

*

Binga, 6 ga Satumba, 1992

Yaya Miyanda,

Gaisuwa da godiya. Kaya sun iso, ba abin da ya fashe. Baama tana shan maganin, ta ce ɗanɗanonsa kamar an wanke ƙusa a ciki. Choolwe ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma unguwarzoma ta ce ba komai.

Na ji maganarki, na kuma bi. Fim ɗinki ban taɓa shi ba tukuna, da baƙi da fari na gwada daga kan tudun masunta, na wanke a ɗakina. Yaya, ƙudaje ne a cikin kunu. Ba ni da gilashin da ke jawo nesa irin na Turawan da ke zuwa yawon buɗe ido, kyamarata sai abin da hannu zai kusan taɓawa. Choolwe ta duba ta juya ta ce, “To ina giwar?”

Baama ce ta karɓi hoton, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ba giwayen ta kalla ba. Ta ɗora yatsa a kan tsibirin ta ce, “Wannan dutsen a tsage yake, ko idona ne?” Na ce a tsage yake, kamar an sara da gatari. Ta tambayi ta ina rana take faɗuwa in mutum yana kallonsa, na gaya mata. Ta miƙo mini hoton ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba, ko lofen ba ta kunna ba.

Washegari ta aika aka kira Kawu. Ta ce, “Siankope, kai ƙanena ne ko baƙo? Chibbwe ya fito daga ruwa kana wucewa ta gabansa kullum, ba ka faɗa mini ba?” Kawu ya sunkuyar da kai ya ce ya gane shi tun watan jiya, tsoron wannan ranar ce ta hana shi magana. Ashe tudun da ke bayan tsohon ƙauyenku ne, wanda aka kwashe ku daga cikinsa a manyan motoci lokacin da aka datse kogi. Ni da aka haifa a nan tudu sunan kawai na sani.

Yanzu ba ta da zance sai wannan. Ta ce kabarin uwarta yana gindin dutsen, ranar da aka kwashe su ko sallama ba a bari ta yi ba. Ta ce, “Ku kai ni gida in kwanta a ƙasar uwata ko sau ɗaya, kafin ruwa ya sake rufewa.” Har cewa ta yi giwar nan mai yagaggen kunne ta san ta, ita ta cinye musu gero shekarar da aka haife ki. Na yi dariya, ta jefe ni da muciya.

Na ce mata a'a, Yaya. Na ce ba zai yiwu ba. Kawu dai ya ce a bari iska ta kwanta a gani.

Ƙaninki,
Lweendo

*

Bulawayo, 15 ga Satumba, 1992

Lweendo,

Ina fatan kuna lafiya. Ni tun da na karanta wasiƙarka ban samu natsuwa ba, jiya har na kusa ba wani yaro maganin wani.

“A bari iska ta kwanta a gani.” A ga me? Na san Kawu, ba ya iya ce wa Baama a'a tun suna yara. Na kuma san ka. Kana so ka matsa kusa da giwayen nan, na hana ka, yanzu ga uwarka ta ba ka dalilin da ba wanda zai zarge ka a kai. Ka duba zuciyarka da kyau ka gaya mini wa kake so ka kai tsibirin nan, ita ko kyamara.

Maganar da ta yi kuma ta kwanciya a ƙasar uwarta, na sha jin irinta a bakin tsofaffi a asibiti. In suka fara ta ba sa daɗewa. Ka duba mini ko tana tofar da jini, ko ta rame, kada ka ɓoye mini.

Wannan ɓangaren ka karanta mata da ƙarfi, kada ka tsallake komai. Baama, ni ce Miyanda. Ina gaishe ki, ina durƙusawa. Ruwan nan ya ci mana gida, ya ci mana Taata. Ki ji tausayina kada ki ba shi kanki. Kaka ta san ba da son ranki kika tafi ba. In kina son yi mata magana ki yi daga bakin gaɓa, za ta ji. Ki jira ni zuwa Kirsimeti mu zauna mu yi shawara.

Na nemi hutu an ce ba yanzu ba, mu kaɗan ne a ɗakin. Ka ba ni amsa a motar da za ta juyo.

Miyanda

*

Bulawayo, 8 ga Oktoba, 1992

Lweendo,

Lafiya kuwa? Mota ta zo ta koma, ta sake zuwa ta koma, ba wasiƙa. Na je tasha da kaina, direban ya ce bai gan ka ba, shagonka ma a rufe ya wuce shi. Na gwada waya daga asibiti, layin ya ƙi shiga.

Shekaranjiya aka kawo mana wata mata daga wajen Siabuwa da ɗanta. Ina sa masa ruwa tana ba wata labari, wai kwalekwale ya kife da mutane a tafki, wai dorina ce, wata kuma ta ce giwa. Na tambaye ta su wane ne, ta ce ba ta sani ba, a mota ta ji. Na tambaya ko da tsohuwa a ciki, ta ce wataƙila. Haka na gama ɗaure hannun yaron ban san yadda na yi ba.

In fushi kake da abin da na rubuta, ka yi fushin, amma ka aiko ko layi ɗaya ne. In ba ka iyawa Choolwe ta rubuta. Twaambo ta ce ina kiran sunan Baama cikin barci.

Yayarka,
Miyanda

*

Yaya,

Mun kai Baama gida ranar Talata. Ta kwanta a ƙasar uwarta kamar yadda ta roƙa, hankalinta ya kwanta. Hannuna na dama ya ji ciwo, da hagu nake rubutu, mota kuma za ta tashi. Kada ki yi fushi da ni. Sauran bayani yana tafe.

Lweendo

*

Bulawayo, 17 ga Oktoba, 1992

Lweendo,

Takardarka ta same ni a bakin aiki. Ban iya buɗe wannan da gaisuwa ba.

Layi huɗu da fensir, ko kwanan wata babu. Wace Talata? Ta makon jiya, ko tun lokacin da nake zarya tasha? A ruwa ta cika, ko a tsibirin, ko a gida kuka ɗauke ta? Wa ya wanke ta? Wa ya riƙe mata kai? Ni ce babbar 'yarta, aikina ke nan kullum ina rufe idon uwayen mutane, tawa kuma an rufe ta ban sani ba. Kuka kuma binne ta a inda ruwa zai hau kanta da an yi damina mai kyau. Taata ba shi da kabari, yanzu ita ma ka sa ba za ta samu wanda za a iya zuwa ba.

Matan cocinmu sun zo sun zauna da ni, sun kwana biyu suna waƙa. Maƙwabta sun kawo abinci. Kowa yana tambaya me ya same ta, ina cewa ban sani ba, suna kallona.

Na roƙe ka. Na roƙe ta ta bakinka, ban ma sani ba ko ka karanta mata. Ina fatan ka samu hotonka. Ina fatan ya yi kyau, su buga sunanka da manyan baƙaƙe, don ka saye shi da tsada.

An ba ni hutun makoki ƙarshen wata. Zan zo in ga Choolwe da Kawu. Ba a gidanka zan sauka ba.

Miyanda

*

Binga, 25 ga Oktoba, 1992

Yaya Miyanda,

Baama tana da rai. Ga ta nan a gabana a kan tabarma tana ɓare tsamiya tana faɗa da kaji. Wasiƙunki biyu na ƙarshe rana ɗaya suka iso, jiya. Da na karanta ta biyun na fita ba takalmi har wajen 'yan mishan, na roƙa aka buga waya asibitinku aka bar saƙo. Ban san ko ya same ki ba. Na sake tuno abin da na rubuta a kan gwiwata a tasha, na ga abin da kika gani. Ki yafe mini. A kaina gida Chibbwe ne, kwanciya kuma kwanciya ce.

Choolwe lafiya, sauran kaɗan. Kwalekwalen da kika ji labari ba namu ba ne. Hannuna yana warkewa, an yi ɗinki, yau ne na fara riƙe biro da shi.

Na karanta mata saƙonki duka, ban tsallake ba. Ta saurara har ƙarshe ta ce, “Miyanda kazarta ta bari a can, ta yi ta kuka a mota. Ni uwata na bari.” Na rasa abin da zan rubuto miki, shi ya sa na yi shiru. Tambayar da kika yi mini kuma, wa nake so in kai, har yau ban iya amsa ta da baki ɗaya ba.

Mun tafi da asuba ruwa kwance kamar mai. Mun zaɓi ranar ne don giwayen sun je ana gobe, Kawu ya ce ba sa zuwa kwana biyu a jere. Tsibirin ba komai sai tsagaggen taɓo da bawon katantanwa da kututture. Baama ta sauka ta bar sandarta a jirgi, ta miƙe sama ba ta waiwaya ba. A gindin dutsen ta tsaya, ta tona da ƙafa, sai ga bakin dutsen niƙa. Ta ce, “Na uwata ne. Rumbu yana nan, ita kuma tana nan.” Ta durƙusa ta dama gari da ruwa ta zuba a ƙasa, tana ba Kaka haƙuri wai jar masara ce, gero bai yi ba bana. Ta faɗa mata sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, da na Twaambo, da cikin Choolwe. Ta ce mijinta yana cikin ruwan nan, in sun haɗu ta kula da shi, ba ya iya dafa wa kansa komai. Daga nan ta shimfiɗa zane a inuwar dutsen ta kwanta, ta ce mu ba ta wuri. Barci ya ɗauke ta.

Iska ta fara motsi, Kawu ya tafi ya zagaya da jirgi bayan tsibiri. Ni na hau kan dutsen in ɗauki wurin daga sama. Ina juyowa na ga giwayen suna fitowa daga ruwa, baƙi wuluk, ruwa yana zuba daga jikinsu. Abu mai girma haka, Yaya, amma ko ƙarar taku babu. Kafin in yi tunanin sauka sun shiga tsakanina da hanya. In na yi ihu Baama ta farka a firgice ta miƙe, an gama. Sai na kwanta rub da ciki.

Sauran suka wuce wani fako mai farar ƙasa suka hau tona da haure suna ci. Ƙasa ce mai kanwa, ita suke ƙetare ruwa dominta. Tsohuwar giwar ce ba ta bi su ba. Ta tsaya ta ɗaga hanci sama tana shinshina, sannan ta taho kai tsaye wurin Baama. Ta bi ta da hanci tun daga tafin ƙafa har furfura. Ta ɗaga ƙafa ta taɓa ta a kafaɗa a hankali, ƙafar da ta kai turmi. Baama ba ta motsa ba. Giwar ta yi wani gurnani can ƙasa wanda a ƙirjina na ji shi ba a kunne ba. Sai ta fara kankaro ƙasa tana ɗiba da hanci tana zuba mata a jiki. Ta je ta karyo busassun rassa ta dawo ta jera mata a kai. Ta ɗauka gawa ce, rufe ta take yi.

Abin da nake ta roƙon Allah shi ne kada tarin nan ya taso mata. Ga ƙura tana sauka a fuskarta, ga mai tarin da ba ta iya gama magana sai ta yi.

Kyamara tana wuyana. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ɗaga na danna. Ƙarar ta fita kamar an karya kara. Giwar ta juyo ta baza kunnuwa ta kalli dutsen, ni kuwa na jiƙa wandona. Ta daɗe a haka kafin ta koma ga aikinta. Na sake dannawa. Ban san me ya sa ba, hannun ne ya yi.

Sun kai har rana ta karkata. Inuwa ta gushe daga kan Baama, rana tana dukanta, tsohuwar giwar tana tsaye a gefenta kamar mai gadi. Sai da sauran suka ƙoshi suka shiga ruwa sannan ta bi su. Na diro daga dutsen na faɗa kan kututture, shi ne ya yaga mini hannu. Na yaye rassan ina kiranta. Ta tashi zaune ta yi tarin da na ɗauka ranta zai fita. Da ta samu numfashi ta ce tun lokacin da iska mai zafi ta hura mata a ƙafa ta farka. Ta karkaɗe zane ta ce, “Ka ɗauka?” Na ce na ɗauka. Ta ce, “To gara. Da wahalar banza na sha.” Kawu da ya iso ya ga abin da ya faru, zama ya yi a ƙasa yana kuka kamar yaro, ita ce ma take ba shi haƙuri.

Ga fim ɗin a cikin ambulan, nan ba a wanke mai kala. Ban san abin da ke ciki ba. Ki kai a wanke ki fara gani. In kin ga dama ki ƙone, ba zan tambaye ki ba.

Baama ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa. “Miyanda, na ji an yi mini makoki a birni. Su wa suka zo? An yi waƙa da kyau? Me aka dafa? Ki gode musu, ki ce su riƙe sauran hawayen, ba za su yi asara ba. Ki daina fushi da yaron nan, ni na sa shi. Sukarin ya ƙare.”

Ƙaninki,
Lweendo

*

Bulawayo, 9 ga Nuwamba, 1992

Ƙanena,

Ina gaishe ku duka. Ka durƙusa wa Baama a madadina. Yaya hannun? Kada ka bari ruwan tafki ya taɓa shi, kada kuma ka bari Kawu ya shafa maka komai. Saƙon wayarka ya same ni, amma wanda ya ɗauka cewa ya yi “mamarki ta ce tana nan”, na kwana ban san ko mafarki ake gaya mini ba, sai da wasiƙar ta zo. Hutun makokin an karɓe tunda babu makoki. Ranar Lahadi na tsaya gaban coci na ce uwata ta fasa mutuwa. Wasu har yanzu ba sa gaishe ni sosai.

Abin da na rubuta maka cikin zafi, rabinsa na janye. Sauran rabin sai mun haɗu.

Na kai fim ɗin. Yawancin hotunan sama ce da taɓo da gefen yatsanka. Ɗaya ya girgiza. Ɗaya kuma ya fita tas, har mai shagon ya kira mutanen da ke ciki su zo su gani, na karɓe kayana na fita. A kan benci a bakin titi na zauna na duba.

Kai kana can sama kana kallon giwa, ban jin ka ga wannan. Idon Baama a buɗe yake, kuma ba giwar take kallo ba, kai take kallo. Hannunta ɗaya ya fito ta ƙarƙashin rassan, tafin yana kallon ƙasa, yatsun a miƙe. Ka san wannan hannun. Shi take yi mana in mun fara motsi a gaban baƙi. Giwa tana zuba mata ƙasa a ka, ita tsoronta kada ka diro.

Maganar jarida ba tawa ba ce, ba taka ba ce. Zan kawo hoton da hannuna a nuna wa mai shi. In ta ce a buga, a buga.

Akwai wani abu kuma. A gefen hoton tsagar dutsen ta fito. Na san wurin, Lweendo. Akwai wani ɗan lungu a ciki daidai jikin yaro, nan nake ɓuya in an aike ni ɗiban ruwa. Na ɗauka na manta komai na can sai kukan motoci. Tun ranar nake fitar da hoton daga jaka ina dubawa, har a wajen aiki.

An ba ni hutu tsakiyar Disamba. Ka tambayar mini Kawu ko ruwa zai kai lokacin bai rufe ba, da kuma ranar da giwayen ba sa zuwa, wannan karon ya tabbatar. Ka ce ya toshe duk wata kafa a jirgin nan. Ban iya ruwa ba, tsoron tafkin kuma bai ragu ba ko kaɗan. Kada Baama ta ji, in ba haka ba za mu tarar da ita zaune a ciki tun asuba.

Kai za ka raka ni. Ka bar kyamarar a gida.

Yayarka,
Miyanda